Idan injin ƙaramin jirgi ya mutu bayan tashi: a juyo ko a wuce gaba?

Ɗalibin Tuƙi, Auyo

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida manyanmu na wannan zaure, musamman waɗanda suka daɗe a harkar jiragen sama. Ni ɗalibi ne mai koyon tuƙin ƙaramin jirgi mai inji ɗaya, ban kai ga tashi ni kaɗai ba tukuna, kuma burina idan Allah ya sa na kammala shi ne aikin feshi, domin na tashi ina ganin irin ɓarnar da tsuntsayen jan baki ke yi wa masu shinkafa da gero a ƙasar Haɗeja. Aiki ne da ake yi da jirgi mai nauyin kaya, a kusa da ƙasa, wani lokaci kuma daga gajeren fili wanda ba shi da kwalta.

An koya mana cewa idan inji ya mutu jim kaɗan bayan tayoyi sun bar ƙasa, kada matuƙi ya juyo, ya nemi wurin sauka a gabansa. Na haddace wannan, amma zuciyata ba ta natsu da shi ba. A bayana akwai titi shararre wanda ban daɗe da barinsa ba, na san tsawonsa, na san babu kowa a kansa, alhali a gabana gonaki ne masu kunya, ga kuka da gawo, ga wayoyin lantarki, ga mutane sun duƙufa suna noma. Ta yaya barin wuri mai kyau a nufi wuri marar kyau zai zama shi ne daidai? Shin akwai tsayin da idan mutum ya kai ya halatta ya juyo, ko kuwa hanin babu togiya a cikinsa?

Tambaya ta biyu ita ce, idan matsalar ta fara tun jirgi yana gudu a ƙasa, da me mutum zai gane cewa lokacin fasa tashi ya yi, tun kafin titin ya ƙare masa? Ina roƙon a yi mini bayani da dalili, domin abin da mutum ya fahimci dalilinsa ya fi zama a hannunsa ranar da hankali ya tashi. Allah ya saka da alheri.

Tsohon Kyaftin, Ringim

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka kyauta da ka kawo tambayar tun kana ƙasa, domin a ƙasa kaɗai ake da lokacin amsa ta.

Kafin maganar juyowa akwai abin da ya riga ta, kuma shi ne yake raba wanda zai tsira da wanda ba zai tsira ba. Lokacin da kake hawa, hancin jirgi yana sama, kuma ƙarfin inji ne kaɗai yake riƙe maka gudunka a wannan yanayi. A sabon samfurin ƙaramin jirgin nan Cessna 172 kana hawa da gudun not 74 (not shi ne ma'aunin gudun jirgi, guda ɗaya ya kusa kilomita biyu a awa), fiffike kuma yana daina riƙe iska a wajen not 48, wanda shi ne muke kira sitol. Da zarar inji ya yi shiru, tazarar da ke tsakanin waɗannan lambobi biyu tana ƙarewa cikin 'yan sakanni, kuma ɗan Adam kan ɓata kimanin sakan 4 kafin ƙwaƙwalwarsa ta yarda cewa abin da kunnensa ya ji gaskiya ne. Saboda haka aikin farko shi ne ka tura sitiyari gaba, turawa ta sosai, har ka ji jikinka ya yi sakayau a kan kujera, ƙasa ta cika maka gilashin gaba. Hannu ba ya son wannan aiki ko kaɗan, domin duk abin da ke jikinka yana cewa ka ja baya ka nisanci ƙasa, shi ya sa ake maimaita shi da malami har hannu ya riga tunani.

Yanzu mu yi lissafi. Ɗauka injin ya mutu kana ƙafa 400 sama da fili. Wannan jirgi idan yana sulalowa da gudun not 68, wato kimanin kilomita 126 a awa ɗaya, yana cin ƙafa 9 gaba a kan kowace ƙafa ɗaya da ya sauko, kuma yana zubar da wajen ƙafa 700 a minti. Ke nan abin da ke hannunka bai fi tafiyar kilomita ɗaya da 'yan kai ba, lokacin kuma bai wuce sakan 35 ba. Komawa titin da ka baro ba juyin digiri 180 ba ne kamar yadda ake zato, domin idan ka gama wannan juyin za ka tsinci kanka a gefe, nesa da layin titin, sai ka ƙara har wajen digiri 225, sannan ka sake karkatowa ɗaya ɓangaren ka daidaita. Idan da sassauƙan juyi ne na digiri 3 a sakan, kana buƙatar sakan 75, wanda idan ka haɗa da jinkirin farko zai cinye maka fiye da ƙafa 900. Kai kuma 400 gare ka.

Matuƙi yana ganin haka da idonsa tun yana tsakiyar juyin, sai ya ƙara karkata jirgin don ya gama da wuri, kuma a nan ajali yake. Karkatar digiri 45 tana ɗaga gudun sitol da kusan kashi 19 cikin ɗari, ta digiri 60 kuma da kashi 41, wato not 48 ɗin nan ya koma 57, sannan ya koma 68, daidai gudun da kake sulalowa da shi. Ga ƙasa tana tasowa, sai hannu ya ja sitiyari, ƙafa ta danna feda don a tilasta wa hanci ya zagayo, sai fiffike ɗaya ya saki iska kafin ɗaya, jirgin ya kife ya nufi ƙasa da ka yana juyawa. Babu gwanin da ke fitar da jirgi daga wannan hali a ƙafa 200. Ko da an yi sa'a an gama juyin, ka tuna ka tashi ne kana fuskantar iska, yanzu kuma iskar tana bayanka. Idan za ka taɓa ƙasa da not 50 kuma iska tana kaɗawa da not 10, wanda ya sauka gaba zai taɓa da 40, wanda ya juyo zai taɓa da 60, kuma tun da ƙarfin karo yana bin gudu sau kansa ne, na biyun ya fi na farkon fiye da ninki biyu.

Gonar da kake tsoro kuwa ta fi abin da kake tsammani rahama. Jirgin da ya isa ƙasa fukafukansa a daidaice, yana kan mafi ƙarancin gudunsa, matuƙi yana riƙe da shi har ya tsaya, tayoyinsa za su iya karyewa, farfela ta lanƙwashe, amma galibi mutanen ciki suna fita da ƙafafunsu. Ka zaɓi wuri a cikin abin da bai wuce digiri 30 dama ko hagu ba, ka kauce wa mutane, idan kuma babu makawa sai bishiyoyi, ka sa hanci a tsakanin biyu, fukafukai su sha dukan. Idan lokaci ya ba ka dama, ka rufe mai, ka kashe maganeto, wato na'urar da ke ba filogin inji wuta, ka saukar da filaf, wato sashen bayan fiffike da ke ba jirgi damar sauka a hankali, sannan ka kashe babban makunnin lantarki, ka kuma zare sakatar ƙofa kafin taɓa ƙasa don kada jikin jirgi ya murɗe ta ƙi buɗuwa. Rediyo shi ne na ƙarshe, domin babu wanda ke hasumiyar kula da jirage da zai iya miƙo maka ƙafa ɗaya ta tsayi.

Ka duba abin da ya faru a birnin New York na Amurka ranar 15 ga Janairu, 2009. Jirgin Airbus A320 ya yi karo da garken dinya bayan ya tashi daga filin LaGuardia, injinansa biyu suka mutu yana wajen ƙafa 2,800. An yi wa Kyaftin Chesley Sullenberger tayin ya koma filin, ya auna ya ga ba tabbas, ya sauka a kogin Hudson, mutum 155 da ke ciki duka suka rayu. Da masu bincike suka gwada komawar a na'urar kwaikwayon tuƙi, sun ga tana iya yiwuwa idan an juya nan take, amma da suka saka jinkirin sakan 35 na tunanin ɗan Adam, jirgin bai kai ba. Wannan mutum ya yarda ya rasa jirgin tun da wuri, kuma wannan yardar ce nake so ka koya.

Al'adata a duk tsawon aikina ita ce, kafin na tura totur sai na faɗa da bakina a fili, ko ni kaɗai ne a ciki: idan wani abu ya faru ina ƙasa zan tsaya, idan na ɗaga da sauran titi zan sauka a kansa, idan ban kai tsayi kaza ba zan sa hanci ƙasa na nufi wuri kaza. Daga nan sai na yi addu'ar hawa abin hawa na tashi. Tun ran gini ake zane.

Matuƙin Feshi, Gumel

Ranka ya daɗe, Kyaftin, ba ni da abin da zan rage a lissafinka, sai dai ina neman izini na ƙara wa ƙanena amsar sashen tambayarsa da ya rage, domin ya tambaya ko akwai tsayin da juyowa ke halatta. Akwai shi, amma ba lamba ce da ake ara a bakin wani ba. Hanyar samunta ita ce ka hau sama sosai tare da malaminka, misali ƙafa 3,000, ku sa jirgi a yanayin hawa, ya janye totur, ka ƙirga sakan 4 ba ka taɓa komai ba, sannan ka sa hanci ƙasa, ka karkata digiri 45, ka yi cikakken juyin, ku duba abin da ya zube. Abin da kuka samu ka ƙara masa aƙalla rabinsa, saboda ranar gaske hannunka ba zai yi kyau kamar ranar gwaji ba. Da yawa daga masu tuƙa irin wannan jirgi ba sa ko tunanin juyowa ƙasa da ƙafa 1,000. Kuma ko ka kai wannan tsayi, a ranar zafi da jirgi ya hau a hankali, za ka iya samun kanka ka yi nisan da ko ka juyo lafiya ba za ka iso filin ba, domin ka hau a kwance fiye da yadda za ka sulalo. Idan za ka juya, ka juya ta ɓangaren da iska ke fitowa. Ga ɗalibin da bai yi wannan gwaji ba kuwa, maganar Kyaftin ita ce hukunci.

Abin da ya fi ba ni tsoro ba injin da ya mutu ɗungurungum ba ne, injin da ya mutu rabi ne. Wanda ya yi shiru ya yanke maka shawara, amma wanda ke tari yana kamawa yana saki, shi ne yake yaudarar mutum ya ce bari na lallaɓa na zagayo. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Ostareliya ta bi irin waɗannan aukuwa na shekarun 2000 zuwa 2010, ta samu cewa raguwar ƙarfin inji bayan tashi ta fi mutuwarsa gaba ɗaya yawa nesa ba kusa ba, kuma a cikinta aka fi samun asarar rai. Ni dai ƙa'idata ita ce, injin da ya fara tari na ɗauke shi a matsayin wanda zai mutu yanzu, sauran ƙarfin da ya rage kuma ina amfani da shi ne kawai don na isa wurin sauka mafi kyau da ke gabana. Mu masu feshi muna da ƙarin abu guda, wato hannun da ke zubar da maganin tanki gaba ɗaya cikin 'yan sakanni. Duk wanda ya tsaya tunanin kuɗin magani a wannan lokaci ya saka ransa a ciniki.

Game da gonakinmu, ƙanena, kada ka bari ranar haɗari ta zama ranar da za ka fara ganinsu. Duk filin da za ka yi aiki a kansa, ka hau babur ko ka taka da ƙafa ka zagaya abin da ke gaban kowane ƙarshensa har kilomita ɗaya ko biyu. Ka lura da inda kunyoyi suka dosa, domin idan ka sauka kana bin tsawonsu jirgi zai gangara, idan kuwa ka gicciye su tayar gaba za ta kafe ya wuntsila. Gero ko dawa da suka yi tsayi a watan Agusta ba abin gudu ba ne, suna rage gudu da kyau, sai dai ka ɗauki saman ganyen a matsayin ƙasa. Fadamar shinkafa mai ruwa tana da kyan gani daga sama amma tana kama taya, don haka idan ita ce kaɗai, ka shige ta da mafi ƙarancin gudu, ɗamarar kafaɗa a ɗaure tamau. Da rani bayan girbi fili ya fi yawa, amma akwai suri, da kututture, da rijiyoyin lambu waɗanda ba a gani sai an zo kansu. Kwalta kuma tana jan ido, alhali kusan kullum akwai waya a gefenta ko a gicciye, kuma waya ba ta ganuwa daga sama, turakunta ake nema.

Sai tsuntsaye. Yankinmu yana jikin dausayin Haɗeja da Nguru, inda tsuntsaye ke tahowa daga Turai da hunturu, ga Baturiya nan a ƙaramar hukumar Kiri Kasamma. Ban da su akwai shirwa, da balbela mai bin shanu, da shamuwa a farkon damina. Tsuntsu idan ya tsorata yakan yi ƙasa ne, don haka idan da sauran gudu a bi ta samansa, amma kada a fizgi jirgi a kusa da ƙasa saboda tsuntsu guda.

Injiniyan Jirage, Wudil

Salamu alaikum. Manyan matuƙa sun yi magana a kan abin da ake yi a sama, ni kuma zan tsaya a ƙasa inda aikina yake, domin yawancin injinan da ke mutuwa bayan tashi, sanadin yana tare da su tun suna ajiye.

Na farko shi ne ruwa a cikin mai. Man ƙananan jirage masu fistin launinsa shuɗi ne, kuma a karkara a ganga ake kai shi. Gangar da aka bari a tsaye a waje, ruwan sama ya taru a kanta, idan rana ta buga ta dare kuma ya sanyaya ta, tana zuƙar ruwan ta bakin murfi ko da an ɗaure shi, shi ya sa ake kwantar da ita ko a jingine ta. Ruwa ya fi mai nauyi, yana kwanciya a ƙasan tanki, kuma abin takaici shi ne man da ke cikin bututu yakan isa a tayar da inji, a gangara, a yi gwaji lafiya, sai an buɗe totur duka an ɗaga hanci sannan ruwan ya iso. Saboda haka kafin tashin farko da bayan kowane shan mai, a tsiyayi mai daga kowace mahuda a cikin kofi mai haske, a ɗaga shi a rana a duba. Ruwa zai fito kamar ƙwallaye a ƙasa, idan kuwa ka ga kofin fari tas babu shuɗi, ka shinshina, domin wataƙila duka ruwa ne.

Na biyu ƙaramin abu ne da baƙi ba sa kawo shi a rai, wato zanzaro. Jirgin da ya kwana biyu a ajiye ba a rufe bakunan bututunsa ba, zanzaro yana iya gina ɗakinsa na laka a cikin bututun da ke auna gudu ko a mashaƙar tankin mai. Idan na farko ya toshe, allurar gudu za ta yi maka ƙarya, idan na biyu ne, mai zai zo daidai da farko sannan ya yanke kana sama. Haka nan da hazo matatar iska tana cika da ƙura da wuri. A gwajin inji kafin tashi, wanda ake yi inji yana juyi 1,700 ko 1,800 a minti gwargwadon samfuri, idan ka gwada maganeto ɗaya ka ji inji yana karkarwa ko juyin ya faɗi fiye da abin da littafin jirgin ya yarda, ka dawo mana da shi. Kada ka ji kunyar fasinja ko ta mai aikin. Ka kuma girgiza kujerarka ka tabbatar ta kama, domin kujerar da ta zame baya lokacin ɗagawa tana tafiya da matuƙi da sitiyarin da ke hannunsa.

Tambayarka ta biyu tana da amsa mai lamba. Kafin ka tashi ka san tsakiyar filinka, ka ajiye alama a gefe, ko da farar jarka ce. Idan ka iso wannan alama ba ka samu kashi 70 cikin ɗari na gudun ɗagawa ba, ragowar rabin ba zai ishe ka ba. A jirgin da ke ɗagawa a not 55, abin da kake nema a tsakiya shi ne kusan 40. Idan babu, ko ka ga allurar gudu ba ta motsa ba, ko juyin inji bai cika ba, ko ka ji wani sauti da ba ka saba ji ba, ka janye totur duka, ka taka birki, ka riƙe jirgi a miƙe. Gara ka fita ƙarshen fili da gudun keke ka shiga gona, da ka ɗaga da jirgin da ba zai hau ba. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Zafi kuma yana cin fili fiye da yadda ɗalibai ke zato. Kano tana kimanin ƙafa 1,500 sama da teku, inda ma'aunin da aka gina lissafin jirage a kansa yake ɗaukar zafin wurin a digiri 12. Kowane digiri ɗaya da ya ƙaru kamar an ɗaga filin ne da ƙafa 120, saboda haka a ranar Afrilu mai digiri 40, inji da fiffike suna aiki kamar suna kan tudu mai kusan ƙafa 5,000. Littafin 172 ya ce busasshiyar ciyawa tana ƙara kashi 15 cikin ɗari a kan nisan da jirgi ke gudu a ƙasa kafin ya ɗaga, iskar baya kuma kowane not 2 yana ƙara kashi 10 a kan nisan. Jar ƙasa da ta sha ruwa ko rairayi irin namu na arewacin Jigawa sun fi haka ci. Mutanen Kano ba su manta da ranar 4 ga Mayu, 2002 ba, lokacin da jirgin EAS samfurin BAC 1-11 mai zuwa Legas ya cinye titin filin Malam Aminu Kano da tsakar rana bai ɗaga ba, ya shiga ƙasa ya tayar da ƙurar da injinansa suka shaƙa, ya ɗaga da ƙyar ya faɗa unguwar Gwammaja. Fiye da mutum 100 suka rasu, har da waɗanda ke cikin gidajensu, Allah ya jiƙansu. Babban jirgi ne, amma zafi da nauyi da tsawon titi ba su bambanta babba da ƙarami.

Malamin Gona, Kafin Hausa

Allah ya ƙara wa malamai ilimi. Ni ba matuƙi ba ne, aikina da manoma ne, kuma su ne mutanen da ɗalibinmu ya ce yana gani a gabansa, don haka ina ganin akwai rabonmu a wannan magana. Duk inda za a yi aiki da jirgi a karkara, ya kamata a fara zuwa wurin dagaci da masu unguwa, a sanar a masallatai, a sa mutum a kowane ƙarshen fili ya tsare yara da dabbobi, musamman inda burtali ya ratsa kusa, domin saniya guda a tsakiyar fili ta isa ta jawo duk abin da aka lissafa a sama.

Abin da ya fi damuna shi ne bayan saukar. Mutanenmu masu tausayi ne, da sun ga abu ya faɗi za su ruga, wasu don taimako, wasu don kallo. Abin da ya faru a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a watan Oktoba na 2024, inda tankar mai ta faɗi jama'a suka taru a kanta wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu, bai kamata ya bar zukatanmu ba. Man jirgi yana kama wuta kamar fetur, don haka babu sigari, babu ashana, babu kusantowa da babur. Idan jirgin feshi ne, maganin jan baki guba ne mai shiga ta fata da numfashi, sai a tsaya ta inda iska ke fitowa, wanda ya taɓa shi ya tuɓe kayan ya wanke jiki da sabulu a kai shi asibiti, a kuma hana dabbobi kiwo da shan ruwa a wurin. Mutum biyu ko uku masu natsuwa sun isa su taimaki na ciki, su zo ta baya ko ta gefe, kada kowa ya taɓa farfela ko da inji a kashe yake, kuma wanda ke kukan wuya ko baya kada a ja shi sai idan wuta ake gudu.

Ɗalibin Tuƙi, Auyo

Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena, Allah ya saka muku da alheri. Lissafin ƙafa 400 da ƙafa 900 ya warware mini abin da haddar ba ta warware ba, kuma zan roƙi malamina mu yi gwajin juyin a sama idan na koma. Saura abu ɗaya, Baba Kyaftin. Idan ba inji ba ne, misali ƙofa ce ta buɗe daidai lokacin ɗagawa, ga fasinja a gefe ya firgita, shi ma saukar gaggawa ake yi?

Tsohon Kyaftin, Ringim

A'a, ɗana. Idan kana ƙasa da sauran fili isasshe, ka tsaya ka rufe. Idan ka riga ka ɗaga, ka ƙyale ta. A irin jirgin da kake koyo ƙofar ba za ta wangale ba, iskar da ke wucewa za ta riƙe ta a ɗan buɗe, abin da za ka samu shi ne ƙara mai yawa da takardu suna tashi, jirgin kuwa zai ci gaba da hawa. Waɗanda buɗewar ƙofa ta halaka, yawanci sun saki tuƙi ne suna kokawa da ita a kusa da ƙasa. Ka hau zuwa tsayin da ake zagaya fili a kansa, ka zagayo yadda ka saba, ka sauka ba tare da gaggawa ba, sannan ka rufe ta.

Fasinja kuma tun kafin a tayar da inji ake shirya shi. Ka nuna masa yadda ake ɗaure ɗamara da kwance ta, da yadda ake buɗe ƙofa, ka gaya masa ya janye ƙafafunsa daga feda, kada ya kama sitiyari komai ya faru, kuma daga lokacin da ka tura totur har ka ce masa an gama hawa, kada ya yi maka magana sai idan hayaƙi ya gani, ko dabba a fili, ko wani jirgin. Idan kuma Allah ya ƙaddara ka ajiye jirgi a gonar wani, bayan an fitar da mutane an yi nesa da shi, kada a ja shi ko a kwance wani abu a jikinsa, a sa masu gari su tsare wurin, a sanar da hukumar binciken haɗurra ta ƙasa, wato NSIB, domin abin da za su gano a tankin mai ko a cikin injin zai yi wa wani matuƙin amfani.